Fayil ɗin da ya ci wa ma'aikaci albashin wata biyu: nazarin wani lamari a ofishin gwamnati a Zariya

Saura shekara guda wani ma'aikacin sito ya cika shekara 35 yana aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya da ke da ofishi a Zariya, sai jami'in da ke kula da teburin fansho ya aika sashen rajista, inda ake ajiye fayiloli, a kawo masa fayil ɗinsa. Abin da aka saba ke nan, domin ana tantance masu shirin ritaya tun kafin lokacinsu ya yi. Masinja ya dawo da wani siririn fayil mai takardu da ba su kai arba'in ba, an rubuta a bangonsa cewa na wucin gadi ne. Takarda mafi tsufa a cikinsa ta neman hutun shekara ce, ita ma an rubuta ta ne bayan mutumin ya daɗe da yin rabin shekarun aikinsa. Babu takardar ɗauka aiki, babu ta tabbatar da aiki, babu ko ɗaya daga takardun ƙarin girma na farko. Shekarun da ya yi yana lissafin kayan gwamnati har fil da ƙusa, nasa lissafin babu wanda ya riƙe.

Ba za a ambaci sunan hukumar ko na ma'aikacin ba, domin irin wannan yana iya aukuwa a kowace ma'aikata da ke ajiye takardu yadda wannan ta ajiye nata.

Dalilin da ya sa tsofaffin takardun suka fi sababbin daraja

A 2004 ne Najeriya ta koma tsarin fanshon adashi, inda ake cire wani kaso na albashin ma'aikaci, gwamnati ta ƙara nata, a zuba a asusunsa da ke hannun kamfanin fansho, hukumar PenCom tana sa ido. Dokar da aka sabunta a 2014 ta sa mafi ƙarancin kason ma'aikaci 8 cikin 100, na wanda ya ɗauke shi aiki 10 cikin 100. Kuɗin da aka tara daga wannan lokaci zuwa yau yana rubuce a kwamfutar kamfanin fansho, ba shi da wata rigima sosai. Rigimar tana wurin mutumin da ya fara aiki kafin tsarin, kamar wannan ma'aikaci da aka ɗauka a farkon shekarun 1990. Yana bin gwamnati haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari, kuma ana lissafa wannan haƙƙi da abubuwa uku: ranar haihuwarsa, ranar da aka fara ɗaukarsa aiki, da lebul da sitef, wato matakin albashin da yake kai a ƙarshen watan Yuni na 2004. Dukkan ukun a takarda suke. Idan takardar da ke nuna ya hau lebul 6 ta ɓace, wadda ta rage tana cewa lebul 5, to da lebul 5 za a yi masa lissafi, kuma wannan giɓi zai bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Aka shiga nema. Dattijon ya riƙa hawa daga sito zuwa sashen rajista kusan kullum, amsar ɗaya ce: "Baba, a yi haƙuri, ana dubawa, ka leƙo mako mai zuwa." Akawun da ke faɗa masa haka ba ƙarya yake yi ba, ana dubawar. Sai dai nema ne irin na wanda bai san inda ya yi ajiya ba, a buɗe wannan kabad, a rufe, a buɗe wancan. An kwashe wata biyar ana haka.

Inda igiyar ta tsinke

Fayil abu ne mai yawo. Yau yana teburin shugaban sashen mulki, gobe yana wurin akanta, jibi odita ya karɓa. Abin da ke hana shi ɓata shi ne littafin shige da ficen fayil, wanda ake rubuta abu biyar a kowane layi: ranar fita, lambar fayil, wanda aka kai wa, sa hannun wanda ya karɓa, da ranar dawowa. Haka kuma a bangon fayil akwai gidaje da ake rubuta sunan ofishin da za shi. Ƙa'idar da ta fi kowacce wuyar kiyayewa ita ce, fayil ba ya tashi daga teburin wani jami'i zuwa na wani kai tsaye. Sai ya biyo ta rajista an rubuta, ko kuma a aiko da 'yar takardar sanarwa cewa ya sauya hannu.

Da aka binciko tsohon littafin wannan ofishi, an ga layin ƙarshe da ya ambaci fayil ɗin: ya fita zuwa sashen kuɗi lokacin da ake lissafin bashin ƙarin girma. Gidan ranar dawowa fayau. Shafuka kaɗan bayan wannan, littafin ma ya ƙare, kuma ba a sayi wani ba sai bayan an daɗe. Ke nan akwai tsawon lokacin da fayiloli suka riƙa fita bisa amana da sanayya, jami'i ya leƙo ya ce "Malam, ba ni fayil ɗin wane minti biyu," ya tafi da shi. Manya ne suka fi yin haka, kuma ƙaramin akawu ba ya iya cewa da darakta ya sa hannu kafin ya ɗauka, sai idan shugaban hukumar ne da kansa ya kafa dokar ya kuma fara bin ta.

Kuskure na biyu ya biyo bayan na farko. Da ma'aikacin ya nemi hutu ba a ga fayil ɗinsa ba, sai aka buɗe masa na wucin gadi don kada aiki ya tsaya. Wannan ba laifi ba ne, ƙa'ida ta yarda. Amma fayil na wucin gadi bashi ne a wuyan rajista: a rubuta shi a littafi na dabam, a ci gaba da neman na asali, ranar da aka samu a haɗe su a sake lambar shafi. A nan ba a yi ko ɗaya ba. Na wucin gadi ya zauna daram har mutane suka manta akwai wani. Kuma da yake babu komai a cikinsa, an ba mutumin sabon fom ya cike bayanansa da ka, aka ce ya kawo takardar rantsuwar shekaru daga kotu. Ya je ya yi rantsuwa da shekarar da yake zato, aka soke ta a fayil. Daga wannan takarda aka kwafi ranar haihuwar da ta shiga jerin sunayen ma'aikata, daga nan ta wuce kwamfutar albashi.

An samu fayil na asali a wani ɗaki da ke bayan ginin, cikin kwalayen da aka kwaso lokacin da sashen kuɗi ya sauya ofis. A ƙasa aka jibge su, jikin bango, ƙarƙashin silin mai yoyo. Duk wanda ya san ruwan Agusta a Zariya ya san abin da zai biyo baya. Kwalin ƙasa ya jiƙe ya bushe sau da yawa, takardu sun manne, funfuna ta hau, gara ta ci gefe. Fayil ɗin dattijon yana kwali na biyu, shi ya sa ya tsira da mafi yawan cikinsa. Takardar ɗauka aiki tana nan, tsatsar fil ta huda kusurwarta amma tana karantuwa. Fom ɗin tarihin aiki, wanda ake kira Gen 60, yana nan. Takardar ƙarin girma ta ƙarshe kafin 2004 ba ta nan, kuma babu mai iya rantsuwa ko gara ce ta ci, ko zare ta aka yi, ko ba a taɓa saka ta ba, domin an daina sa wa shafuka lamba tun a tsakiyar fayil ɗin. Amfanin lambar shafi ke nan, wadda ake rubutawa da jan biro a kusurwar sama: idan ido ya tsallaka daga 61 zuwa 63, an san an cire wani abu, kuma an san daga ina.

Ranakun haihuwa uku, mutum ɗaya

Murnar ganin fayil ba ta kwana ba. Ranar haihuwar da ke fom ɗin farko ta girmi wadda ke kwamfutar albashi da shekara biyu. Wadda ke kan lambarsa ta NIN kuma dabam ce, 1 ga Janairu, irin ranar da ake ɗora wa wanda ya san shekara bai san wata ba.

Bai kamata a yi saurin kiran wannan zamba ba. Akasarin mutanen da aka haifa a cikin birnin Zariya da ƙauyukanta a shekarun 1960 a gida aka haife su, a hannun ungozoma, ba wanda ya rubuta. Dokar tarayya da ta wajabta rajistar haihuwa a hannun hukumar ƙidaya ta 1992 ce. Shekarun da ke kan takardar firamare sau da yawa hedimasta ne ya dubi tsawon yaro ya ƙiyasta. Ga kuma rikicin suna: Muhammadu a takardar makaranta, Mohammed a ta ɗauka aiki, Muhammad a banki, Garba a gida, Abubakar a ofis, wani wuri an sa sunan uba, wani wuri sunan unguwa. Kwamfuta ba ta san cewa duk mutum ɗaya ne ba.

Amma dokokin aikin gwamnati ba su bar wurin ja-in-ja ba. Ranar haihuwar da aka rubuta ranar ɗauka aiki ita ce ke bin ma'aikaci har ya bar aiki, ba a sauya ta. Kuma a irin wannan hukuma ana ritaya ne da cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 da fara aiki, duk wanda ya riga zuwa. Da ranar da ke kwamfuta, shekarun aiki ne za su fara cika. Da ranar asali kuwa, mutumin zai cika 60 wata tara kafin nan. An fara neman fayil saura wata goma sha biyu, an ɓata biyar, saura bakwai. Wato ranar da aka karkaɗe ƙurar fayil ɗin, dattijon ya riga ya wuce wa'adinsa da wata biyu yana zuwa aiki yana karɓar albashi. Odita ya ce a dawo da kuɗin wata biyun. Sanarwar wata uku da ma'aikaci ke bayarwa kafin ritaya, da shirin da mai iyali ke yi a cikinta, duk sun tafi. An tsayar da albashi nan take, fansho kuma ba zai fara ba sai an daidaita ranar haihuwa a kwamfutar albashi, da kamfanin fansho, da hukumar NIMC mai ba da lambar NIN, kowanne da nasa layi da nasa fom. A tsakanin nan magidanci ne zaune ba shi da shigar ko sisi, a shekarun da ba a fara sabuwar sana'a cikin sauƙi. Wannan shi ne abin da ya fi ciwo a lamarin, kuma da an ga fayil ɗin a ranar da aka nema, da an gano saɓanin saura wata uku cif ya cika 60, ya ba da sanarwarsa ya fita da mutuncinsa.

Takardar ƙarin girman da ta ɓace an maye gurbinta ta hanyar da ta dace. An duba baucan albashin watan Yuni na 2004 a sashen kuɗi, aka ga lebul da sitef ɗin da aka biya shi a kai. An rubuta wa hedikwata a Abuja ta aiko da kwafin jerin waɗanda aka ƙara wa girma a wannan zagaye. Shi ma dattijon ya zo da nasa hoton takardar da ya adana a leda cikin akwati. Da ukun suka yi daidai, shugaban sashen mulki ya buga hatimi ya sa hannu cewa kwafi ne na gaskiya, aka rubuta bayanin yadda aka samo shi a cikin fayil. Akwai wanda ya kawo shawarar a buga sabuwar takarda kawai a sa mata tsohuwar rana. An ƙi, kuma daidai ne da aka ƙi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ga jami'in da ya lalata takardun da ke hannunsa da gangan, ko ya yi musu kwaskwarima kafin a miƙa wa mai nema.

Gyaran da aka yi

Abu na farko da hukumar ta yi bai ci kuɗi ba, ƙidayar fayil ce. An zaɓi ranar Juma'a, aka hana kowane fayil motsi, ma'aikatan rajista suka bi ofis ofis da takarda suna rubuta lambar duk fayil ɗin da suka gani, a kan tebur, a cikin durowa, a saman kabad, har da na ofishin shugaba. Aka gwada abin da aka samu da jerin sunayen ma'aikata. Nan aka ga masu fayil biyu, da waɗanda na wucin gadi kaɗai gare su, da fayil ɗin wani da ya rasu amma ba a cire sunansa daga jerin ba saboda takardar sanarwar rasuwar ta tsaya a teburin wani. Daga nan ƙidayar ta zama ta kowane wata.

Sai aka dawo da littafin shige da fice, aka ƙara masa doka ɗaya: fayil ɗin da ya yi mako biyu a waje, rajista za ta bi shi ta tambaya, ko a dawo da shi ko a sake sa hannu. Jami'in da ke son ya ci gaba da aiki a kan wani batu nan gaba ba zai kulle fayil a durowarsa ba, zai rubuta BU, wato a sake kawowa, da ranar da yake so a dawo masa da shi, rajista ta shigar a littafin ranaku. An rage amfani da KIV, wato a ajiye ana lura, wanda a ofisoshi da yawa ya zama kabarin takardu, tunda ba ya ɗauke da rana. Fayil ɗin da kaurinsa ya kai kamar santimita uku a rufe shi a buɗe kundi na biyu, a rubuta a bangon kowanne cewa akwai ɗan'uwansa. An cire filoli masu tsatsa, aka koma soke takardu da zaren fayil a kusurwar hagu.

Wurin ajiya ma an taɓa shi. An gyara rufin kafin damina, aka kawo kantocin ƙarfe maimakon na katako da gara ke so, kanta ta ƙasa ta tashi daga daɓe da kamar santimita 15, aka ja su baya kaɗan daga bango don iska ta ratsa. An hana cin abinci a ɗakin, domin ɓurɓushin biredi da gyaɗa su ne ke gayyato ɓera da kyankyaso. A lokacin hunturu ana rufe tagogi saboda ƙura, a share kantoci da busasshen tsumma. Rasit ɗin da injin POS da makamantansa ke fitarwa yakan koɗe cikin 'yan watanni, don haka ana ɗaukar hotonsa a soke tare da shi.

Gyaran da ya fi kowanne amfani shi ne takarda ɗaya da aka manna a cikin bangon kowane fayil, mai jera takardun da babu makawa sai da su: ɗauka aiki, kama aiki, shaidar haihuwa ta ranar farko, tabbatar da aiki, kowane ƙarin girma, canjin wurin aiki, lambar asusun fansho, magaji. Sau ɗaya a shekara ana kiran ma'aikaci ya zauna gaban akawu ya duba wannan shafi da fom ɗin tarihin aikinsa, ya sa hannu. Duk wanda ya rage masa shekara biyar ya yi ritaya, ana gwada sunansa da ranar haihuwarsa a wuri huɗu, fayil, kwamfutar albashi, kamfanin fansho da NIN. Saɓanin da aka gano saura shekara biyar aikin wasiƙa ne da haƙuri, mutum yana karɓar albashinsa ana gyarawa. Sabon ma'aikaci kuwa tun ran gini tun ran zane, ranar da ya kama aiki ake tsayar da rubutun sunansa harafi harafi.

Maganar kwamfuta

Duk lokacin da irin wannan ta faru, abin da ake fara cewa shi ne a zuba komai a kwamfuta. Wannan ofishi ya taɓa gwadawa. An sa wani mai hidimar ƙasa ya yi ta ɗaukar hoton takardu da sikana, ya tara su a kwamfuta ɗaya da sunayen da injin ya ba su, lamba bayan lamba, ba sunan mutum ba lambar fayil. Ya gama shekararsa ya tafi da kalmar sirrin a kansa, daga baya wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona kwamfutar. Ko da ba ta ƙone ba, fayil na wucin gadi aka ɗauka, da ranar haihuwar da ba daidai ba. Injin zai adana kuskuren ne kawai, ya ƙara masa kwarjini.

A karo na biyu sai da aka gama haɗe fayiloli da sa lambar shafi aka kunna sikana. An fara da takardun da ke kan jerin nan na cikin bango, na mutanen da suka fi kusa da ritaya. Ana ɗauka a ƙarfin ɗigo 300 a kowane inci, wanda ya isa a karanta tsohon bugun tafireta da hatimi, a ajiye a tsarin PDF. Sunan kowane hoto yana farawa da lambar fayil, sai irin takardar, sai shekararta. Mutum ɗaya yana ɗauka, wani dabam yana gwada hoton da takardar. Kwafi uku ake riƙewa, ɗaya a kwamfutar rajista, ɗaya a faifan ajiya da ke kulle a wani gini, ɗaya a wajen Zariya gaba ɗaya, kuma lokaci lokaci ana buɗe kwafin a tabbatar yana buɗuwa. An hana soka filashin waje, aka sa wa kwamfutar na'urar daidaita wuta da batir. Takardar asali ba a yar da ita ba.

Kowane ma'aikacin rajista yana da nasa sunan shiga. Fayil ɗin ma'aikaci yana ɗauke da rahoton likita, da takardun tuhuma, da bashin banki, da sunayen mata da 'ya'ya, kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da irin waɗannan nauyin tsare su. A gari kamar Zariya, inda akawu da mai fayil za su iya haɗuwa a masallaci ɗaya ko su zama surukai, abin da ya fita daga fayil da safe yana iya kaiwa teburin mai shayi kafin magariba. Haka nan tsofaffin takardu ba a kwashe su a ƙona ko a sayar wa masu ƙosai da tsire su yi ƙunshi. Akwai hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa, mai reshe a Kaduna, wadda dokar 1992 ta ba hurumi kan makomar takardun gwamnatin tarayya, kuma ita ake tuntuɓa. Mai neman horo ba sai ya yi nisa ba, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana da sashen koyar da ilimin laburare da sarrafa bayanai.

Abin da ya canja a ofishin ana ganinsa da ido. Fayil yana fitowa yayin da mai nema ke tsaye, don haka "na goro" da ake miƙa wa masinja don ya taya nema ya rasa dalili, haka ma damar ɓoye fayil ɗin wanda ake jin haushi. Akawun rajista ya samu kariya, domin idan aka ce fayil ya ɓata a hannunsa yana da sa hannun wanda ya karɓa. Wasiƙar neman bayani, wadda dokar 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, ta daina tayar da hankalin kowa. Shugaban hukumar ya san tun yanzu mutum nawa za su bar kowane sashe nan da shekara biyar, zai iya neman gurbinsu da wuri.

Shi dai dattijon an cire albashin wata biyun daga haƙƙinsa. An yi masa lissafin shekarun baya a kan lebul ɗinsa na gaskiya, fanshonsa ya fara shiga bayan an gama daidaita ranakun. Binciken farko na waɗanda suka rage wa shekara biyar ya fito da wasu ma'aikatan masu irin nasa saɓanin, cikinsu har da akawun da ya riƙa ce masa ya leƙo mako mai zuwa, kuma an riga an rubuta wa Abuja wasiƙun gyaran nasu.